Sunansa a Rajistar Agusta

Da sunan Allah nake farawa, ina kuma gaida duk mai bin labarin nan. Wasunku sun rubuto suna yi mini barka, har da wadda ta tambayi kalar anko. Ku riƙe barkar tukuna. Abin da zan faɗa muku yau ko Inna ban faɗa wa ba, kuma akwai laifina a ciki, ba zan ɓoye muku ba.

Ga waɗanda yanzu suka shigo, sunana Zakiyya, shekarata ashirin da takwas. A wani ƙauye muke arewa da Minjibir, inda gonar wannan take jingine da katangar wancan, in kin yi tari a tsakar gidanku maƙwabta su ce miki sannu. Mu huɗu Inna ta haifa: Yaya Kamaruddeen da ke Kano da iyalinsa, sai ni, sai Jamil da ke karatu a Ɗambatta, sai autarmu Rumaisa mai shekara goma sha tara. Rumaisa sikila ce. Ni kuma jinina AS ne, ina ɗauke da ciwon amma ba ya cina. Sai dai in na auri mai irin jinina, duk cikin da zan ɗauka yana iya zuwa da abin da Rumaisa take sha.

Wannan ne ya zaunar da ni a gida har sa'o'ina suka fara aurar da ƙannensu. Manema biyu na sallama da bakina bayan gwaji ya nuna AS. Ranar da na sallami na biyun na shige ɗaki ina kuka, Rumaisa ta zo ta zauna a gefen katifa ta ce, "Yaya, ko za ki tsufa a gidan nan, kada ki haifo mini abokiyar kuka." Na yi mata alkawari. Gwaggo Rahmatu kuwa, ƙanwar Baba, ba ta taɓa yafe mini ba. Duk zuwan da za ta yi sai ta ce, "Mu da aka yi wa aure ba gwaji mutuwa muka yi? Yarinya ta zauna tana auna jinin maza kamar mai sayen manja." In ta faɗi haka Inna sunkuyar da kai take yi, domin ita ma ba gwaji aka yi nata auren.

Ana nan sai ga Abdulkabir Balarabe, bara da kaka. Taki da maganin feshi yake sayarwa a kasuwar Minjibir. Dogo ne, mai sanyin magana, ba ya zuwa zance sai da yadi mai guga da hula a karye gefe ɗaya, kuma bai taɓa zuwa hannu rabbana ba, ko dabino ne sai ya riƙo wa Rumaisa. A zuwansa na uku na faɗa masa komai. Ya ce, "Ban taɓa yin gwajin nan ba, amma saboda ke zan yi." Na ce ya zo asibitinmu, tunda a can nake aiki. Ya yi dariya ya ce yana jin kunya abokan aikina su ɗebi jininsa suna yi masa kallon ango. Wallahi har burge ni kunyar ta yi. Bayan sati biyu ya kawo takarda daga wani wurin gwaji a birni, da sunansa, da hatimi, an rubuta AA. Inna ba ta iya karatun boko ba, amma ta san waɗannan haruffa biyun. A tsakar gida ta faɗi ta yi sujada. Ta bayar aka manne takardar da leda, ta ajiye ta a ƙasan akwatinta tare da zanen da ta yi aure da shi.

Ranar Asabar aka ce kawunansa za su zo sa rana. Abin da zan ba ku ya faru ne ranar Alhamis.

Aikina a asibitin sha-ka-tafi na garinmu shi ne kula da bayanai a kwamfuta. Shekara biyu ke nan da aka ɗauke ni, bayan na gama difloma a Kano. Duk farkon wata nake fitar da jerin waɗanda aka yi wa gwajin jini a watan da ya wuce, shugabarmu Hajiya Maijidda ta sa hannu a kai ƙaramar hukuma. Matsalar ita ce rajistarmu biyu ce. Akwai tsohuwa, wadda take cikin kwamfutar ɗakin gwaji tun shekarar 2017, akwai kuma sabuwa da aka kawo mana bara. Duk ranar da hadari ya rufe sola ta ƙi caji, sabuwar ba ta tashi, sai Malam Iliyasu mai gwaji ya koma yana shigar da mutane a tsohuwar. Agusta kuwa kun san ruwan da aka yi. Don haka dole in haɗa rajistun biyu wuri ɗaya, sannan in ce wa kwamfuta ta ba ni na ɗaya ga Agusta zuwa talatin da ɗaya kaɗai.

Na zauna da ƙarfe tara, hijabina ruwan toka, wayata a gefen madannai tana ta haske da saƙonnin ƙawaye a kan anko. Hankalina rabi yana kan aiki, rabi yana kan ko atamfa mai ganye ko mai ruwan goro. Na rubuta umarnin: ɗebo daga tsohuwa, haɗa da sabuwa, a ƙasa na sa sharaɗin kwanan wata. Na danna.

Mutum tamanin da wani abu nake jira. Sai ga dubu huɗu da ɗari da shida.

Nan take na gane kuskuren, domin tun a makaranta malaminmu ya sha jan kunnenmu a kansa. In kin haɗa rajista biyu kika sa sharaɗin kwanan wata a ƙasa haka kawai, ta biyun kaɗai yake kamawa. Ta farkon gaba ɗayanta take zubowa. Kamar ki tankaɗe garin ƙwarya ɗaya, ki juye na ɗaya ƙwaryar a kai da tsakinsa. Duk wanda aka taɓa ɗiban jininsa a asibitin nan tun 2017 ya fito a gabana, an jera su bisa haruffa. Da na runtse ido na gyara, da yanzu ina nan ina ba ku labarin atamfa. Amma sunan da ya fara da A a sama yake zama, kuma idona ya riga hannuna.

Layi na tara. Abdulkabir Balarabe. 16 ga Maris, 2021. Dalili: gwajin aure. Sakamako: AS.

Na ce wa kaina Abdulkabir nawa ne a ƙasar Minjibir, Balarabe nawa ne. Na matsa gefe zuwa gidan lambar waya. Lambar da nake iya karantowa ko daga barci aka tashe ni, ita ce a wurin, ba ko lamba ɗaya da ta canza.

"Zakiyya, dubu huɗu a wata ɗaya? Duk ƙaramar hukumar muka zuƙe wa jini?"

Hajiya Maijidda ce a bayana, da gilashinta a kan hanci. Ban san lokacin da na gangara da jerin ƙasa ba, har sunayen suka koma na su Garba da Habiba.

"Kuskure na yi, Hajiya. Tsohuwar rajistar ce ta zubo duka. Yanzu zan gyara."

"Amarci ya fara taɓa ki tun ba a sa rana ba. Kafin azahar nake so." Ta dafa kafaɗata ta wuce.

A nan laifina ya fara, masu karatu. Na farkon kuskure ne, Allah ya sani. Na biyun kuwa da gangan na yi. Ranar da aka ɗauke ni aiki na sa hannu a takarda cewa ba zan buɗe bayanin kowa ba sai aiki ya buƙata, ba kuma zan fitar da shi ko ga uwar da ta haife ni ba. Ina sane da wannan na goge watan Agusta, na rubuta rana ɗaya tak, 16 ga Maris, 2021, na ce tsohuwar rajistar kaɗai ta ba ni duk wanda aka gwada a ranar. Mutum shida suka fito. Huɗu mata masu awon ciki ne. Na biyar shi ne. Ta shida Aina'u, gwajin aure, AS.

Na san sunan. Ya taɓa ba ni labarinta, ya ce ya nemi wata Aina'u shekarun baya, iyayenta suka hana shi don lokacin ba shi da shago. Har tausayinsa na ji a ranar, na ce sun yi asara. Ashe tare suka zo nan, suka zauna a bencin da nake wucewa kullum, aka miƙa musu takarda. Ashe ba kunyar abokan aikina yake ji ba. Ya san jininsa yana rubuce a ɗakin da ke kusa da nawa.

Wayata ta yi haske. Shi ne.

"Amaryata, Kawu ya ce goro ƙwarya biyu za su kawo, da alawa katan ɗaya. Kin karya kuwa?"

Na daɗe ina kallon saƙon. Na rubuta "Na karya," na tura, alhali ko ruwa ban sha ba.

Sannan na gyara aikin yadda ya kamata tun farko. Na haɗa rajistun biyu, na kulle su cikin baka ɗaya suka zama abu guda, sannan na ɗora sharaɗin Agusta a kan dukkansu. Mutum tamanin da bakwai suka fito. Babu sunansa, babu na Aina'u. Na buga a takarda na kai wa Hajiya, ta sa hannu ta ce aiki ya yi kyau.

Da aka tashi, ruwa ya tare ni a hanya. Na bi ta tsakanin gonakin gero, ya yi kai ya sunkuyo, takalmina yana nutsewa a laka, ina tafe ina lissafin wanda zan faɗa wa. Baba zai ce a ina na gani. In na ce a kwamfutar asibiti, kafin magariba Gwaggo ta ji, kafin wayewar gari duk ƙauyen ya ji cewa 'yar gidan Malam tana zaune tana karanta asirin mutane. Aikina zai tafi, wannan ƙarami ne. Matan da muka sha wahala kafin su yarda su miƙo hannu a ɗebi jininsu, ba mai sake zuwa. Aina'u kuma, da take ɗakin mijinta yanzu ba ta san ma ina duniya ba, sunanta zai shiga bakin mutane saboda ni. In kuma na yi shiru, ranar Asabar a raba goro.

Kuma bari in faɗa muku gaskiyar da ta fi ci mini rai: ina son sa. Ko a cikin ruwan nan, da sanin abin da na sani, zuciyata nema masa hanya take yi. Ko an yi kuskure a 2021? Ko na birnin ne daidai? Na san ƙarya nake yi wa kaina, amma na yi ta har ƙofar gida.

Na tarar da Rumaisa a rumfa, ta lulluɓa da tsohon bargo, tana ɗinkin hula. Sati shida ke nan tana yi wa Abdulkabir ita, zare baƙi da ruwan zuma, ta ce ita zai sa ranar ɗaurin aure.

"Yaya, duba, saura bakin kawai. Kina ganin za ta shige shi? Kansa fa kamar tulu."

"Ki tashi daga iskar nan, Rumaisa."

"Layi biyu ya rage."

Idonta ya riga ya yi ɗorawa. Na gani, Inna ma ta gani. Mun san abin da sanyin damina yake jawowa.

Da safiyar Juma'a ciwon ya sauka. Daga bayanta ya fara, ya gangara ƙafafu. Wanda bai taɓa gani ba ba zai gane ba, ni ma ba zan iya kwatanta muku ba. Yarinyar da ke tsokanar kowa ta dunƙule a katifa, tana kiran sunan Allah da ƙyar. Inna ta ɗora ruwa a murhu tana gasa mata da tsumma, ni na ba ta maganinta na zauna ina ɗura mata ruwa a baki. Na kira Hajiya Maijidda, ta ce a ci gaba da ruwa da magani, in bai lafa ba zuwa yamma a nemi mota a wuce da ita babban asibiti. Rumaisa ta kama gefen zani ta cusa a baki ta cije. Tun tana ƙarama ta koyi haka, don kada maƙwabta su ji su fara cewa gidan Malam an tashi da abin nan kuma. Shekara guda Abdulkabir yana zuwa gidanmu, bai taɓa jin kukanta ba. Kullum a tsaye yake ganinta, da kwalli da dariya.

Gwaggo Rahmatu ta iso da hantsi, da fulawa da man gyaɗa, za ta yi cincin ɗin baƙi. Ta leƙa ɗakin ta yi salati, sannan ta ja Inna gefe, amma ina ji.

"Gobe a mai da ita ɗakin baya. Kada mutane su zo neman aure su ji wannan, su koma suna shawara."

"Ai sun san da ita," in ji Inna a hankali.

"Sani daban, ji daban. Da ƙyar Allah ya kawo mai jinin da 'yarki take so. In wannan ya kuɓuce sai ki jiƙa ta ki sha."

Inna ta dawo ta durƙusa, ta matse tsumman, ta dube ni da jajayen idanu. "Ke dai Allah ya tsallakar da ke, Zakiyya. Duk lokacin da na tuna takardar nan sai in ji sanyi. Ba za ki ga abin da na gani ba."

Na tashi na fita bayan ɗaki, don ba zan iya kallonta ba. A can na rubuta masa: "Ka zo bayan la'asar. Magana ce."

"Lafiya dai, amaryata?"

"Ka dai zo."

Ya zo da farar shaddarsa ta Juma'a, yana ƙamshin turare, da ledar lemo a hannu. Baba ya tafi Minjibir sayo tabarmin baƙi. Na shimfiɗa masa a zaure, na jawo ƙofar da ke shiga cikin gida na rufe, na zauna nesa da shi fiye da yadda na saba. Muka gaisa. Ya tambayi Inna, ya tambayi mutuniyarsa mai hula.

Na ce, "Malam, alfarma nake nema. Ina so mu sake gwaji, ni da kai, a asibitinmu. Malam Iliyasu yana zuwa gobe da safe. Kafin kawunanka su iso mun gama."

Ya yi 'yar dariya. "Takardar da na kawo fa? Ko Inna ta jefa ta a miya?"

"Tana nan. Ina dai so a sake."

Na ƙudurta a raina cewa in ya ce to, ko ya yi fushi ya ce na raina shi, zan riƙe wannan in ce wataƙila ni ce ban gani daidai ba. Addu'a nake yi ya yi fushi. Amma bai yi ba. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, yana murza bakinta. Can ya ɗago.

"Wa ya faɗa miki? Aina'u ce?"

Wannan tambayar ba zan taɓa amsa masa ita ba.

"Zakiyya, ki saurare ni. Wallahi ba don in cuce ki na yi ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Sau ɗaya aka raba ni da mace saboda haruffa biyu, na yi shekara ban dawo daidai ba. Da kika faɗa mini naki, na je gida na kasa cin abinci. Na ce in na faɗi gaskiya kin tafi. Wani abokina ne ya je ya miƙa hannunsa da sunana. Su masu gwajin ba su san komai ba."

"Ka bar Inna ta yi sujada a kan jinin abokinka."

"Na yi niyyar faɗa miki bayan biki."

"Bayan biki, ko bayan suna?"

Ya runtse ido. Hawaye ne fa na gaske suka zubo masa, kuma ku yafe mini, sai da na ji kamar in ce ya daina. Ya matso bakin tabarma.

"Na yi tambaya, na karanta. Ba duka 'ya'yan ne suke zuwa da shi ba. Akwai masu irin jininmu da suka haifi biyar lafiya lau. Komai na Allah ne. Ɗaya cikin huɗu ne fa kawai, Zakiyya. Ɗaya cikin huɗu."

Na miƙe. Na nufi ƙofar cikin gida. Na tura ta, na buɗe ta gaba ɗaya. Ƙamshin cincin ɗin Gwaggo ya shigo zauren, tare da shi kuma muryar Rumaisa. Zanin ya faɗi daga bakinta, ko kuma ta gaji da cizonsa. Ba ihu take yi ba, wani dogon nishi ne mai karyewa a tsakiya, tana cewa Inna ƙafata, Inna bayana, Inna ki ce ya tsaya.

Na ce, "Mu huɗu Inna ta haifa. Taso ka gaida ɗayar."

Bai tashi ba. Ya zauna da hula a hannu, fuskarsa ta yi fari, yana jin abin da muka shekara muna rufe masa ƙofa a kai. Ledar lemon ta kife, ɗaya ya gangara har bakin ƙafata.

A haka muka ji tsayuwar babur a waje. Baba ya yi sallama ya shigo da sababbin tabarmi uku a kafaɗa, sabon aski, fuskarsa cike da fara'ar da na daɗe ban gani ba. Ya jingine su a bango yana haki.

"A'a, Abdulkabir, kai ne a tafe? Madalla. Ka ga na samo masu faɗi, kowa zai samu wuri. Gobe ƙarfe nawa kawunan naka za su iso?"

Abdulkabir ya ɗago, ni ya kalla. Baba ya bi idonsa ya juyo, shi ma ya tsaya yana kallona, yana jira.